Sigina Ba Ta Neman Biza: Rediyon Tauraron Ɗan'adam a Bakin Iyaka

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau dai direbobi ne za su riga kowa gane inda maganar ta dosa.

Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka yiwo odarta daga Amurka ko Kanada, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano ko Legas a kawo su Kano, Kaduna, Maraɗi ko Damagaram, in ya dubi rediyonta da kyau zai ga wani maɓalli kusa da na FM da AM. Wata an rubuta SAT, wata XM, wata SIRIUS. A bayan rufin motar kuma akwai wata 'yar gajeriyar eriya mai ɗan tsini. In ka danna maɓallin, shiru kake ji, sai dai allon ya rubuta maka da Turanci cewa ana neman sigina. Wasu sun ɗauka rediyon ne ya lalace. Wasu kuma an ce musu kulle shi aka yi, in an samu gwani zai buɗe. Lafiyarsa ƙalau, kuma babu gwanin da zai sa ya yi magana a ƙasashenmu. Dalilin haka shi ne zai kai mu ga batunmu na yau, wato rediyon tauraron ɗan'adam, da abin da ke faruwa idan mutum ya ɗauki akwatinsa, ya biya kuɗin wata, sannan ya tsallake iyakar ƙasa.

Tashar FM da muka saba ji, daga turke take watsa shiri, turken kuma a ƙasa yake kafe. Shi ya sa in ka yi nisa da gari sai murya ta fara karkarwa, can ta ɓace. Rediyon tauraro kuwa, daga ɗakin watsa shiri ake harba sautin sama, zuwa wani tauraro da ke nisan kilomita 35,786 daidai saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisan, tauraron yana zagaye ne daidai da juyawar duniya, saboda haka wanda ke ƙasa zai gan shi a tsaye cak wuri guda, dare da rana. Daga can yake maido da sautin, ya baza shi kan yanki mai faɗin nahiya guda.

Ku ɗauka mutum ne ya hau soro da dare ya haska tsakar gidansa da tocila. Tsakiyar hasken ta fi ƙarfi, gefe-gefe yana dusashewa a hankali, kuma duk iya ƙoƙarinsa sai wani abu ya faɗa gidan maƙwabci. Haka siginar tauraro take. Injiniyoyi suna iya karkata ta ta fi ƙarfi a kan ƙasar da ake nufi, amma ba sa iya yanke ta cif a kan layin da aka ja a taswira. Ku riƙe wannan, domin duk rigimar da za mu ji daga nan ta samo asali.

A Amurka, hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta yi gwanjon lasisi biyu na irin wannan rediyo a 1997. Kamfanin XM ya fara watsa shiri a watan Satumba na 2001, Sirius ya biyo baya a 2002, sannan a 2008 suka haɗe suka zama SiriusXM, wanda masu biyansa kuɗin wata sun haura miliyan 30. Abin da ya ja mutane a fili yake. Direban babbar mota zai taso daga New York ya nufi Los Angeles, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, yana jin tasha ɗaya ba tare da ya taɓa rediyonsa ba. Ga tashoshi fiye da ɗari, ga waƙoƙi babu talla, ga sharhin wasanni kai tsaye. A cikin manyan birane, inda dogayen gine-gine ke tare sama, kamfanin ya kafa turaku a ƙasa masu maimaita siginar, don kada murya ta yanke.

To, yanzu ga amsar mai motar Kwatano. Tauraron kamfanin da ya fi kusa da mu yana wajen digiri 85 yamma, can saitin nahiyar Amurka. Kano kuwa tana wajen digiri 8 da rabi gabas. Tazarar ta haura digiri 93. Shi kuma tauraron da ke wancan nisan, iyakar inda ake iya hango shi digiri 81 ne ko kusa da haka ta kowane ɓangare. Bayan nan doron duniya ya shiga tsakani. Wato a gare mu tauraron yana ƙarƙashin ƙasa ne, bai taɓa ɓullowa a samaniyarmu ba. Ko da ka biya kuɗin shekara goma, ko da ka kafa eriya a kan dutsen Dala, babu abin da zai sauko. Don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka XM a Sabon Gari ko a tashar Maraɗi, ka riƙe kuɗinka. Tunda muna kan motocin Amurka, ga wani ɗan ƙari: rediyonsu na FM yakan yi tsalle ne daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, yana tsallake lambobin da ke tsakani, saboda haka aka tsara tashoshin can. In wata tasharmu ta ƙi kamuwa tsaf a irin wannan mota, sau da yawa dalilin ke nan.

Saura batun kulle. Kowane akwatin rediyon tauraro yana da lambar shaida tasa shi kaɗai; a akwatunan SiriusXM, in ka murɗa zuwa tasha ta 0 za ka ga lambar a allo. Kamfani yana murɗe sautin tun daga ɗakin watsawa, ta yadda akwatin da ba a ba izini ba ba zai iya warware shi ba. In ka biya, sai a haɗa lambarka cikin siginar da ke saukowa daga sama, akwatinka ya tsinci lambarsa ya buɗe. In ka daina biya, ta wannan hanyar dai za a aiko a rufe. Abin lura a nan shi ne, akwatin na asali karɓa kawai yake yi, ba ya mayar da magana sama. Kamfani bai san ko yana Chicago ko yana Toronto ba. Abin da kamfani ya sani game da kai biyu ne, adireshin da ka bayar da katin bankin da ake cire kuɗi. Sababbin motoci masu haɗe da intanet sun fara sauya wannan, amma shekara da shekaru haka abin yake. Kun ga ke nan iyakar ba a sama take ba. Tana cikin littafin rajistar kamfani.

(Ɗan kiɗa)

Mu je Kanada, domin a can ne aka fi ganin abin ƙuru-ƙuru. Iyakar Amurka da Kanada ta kai kilomita 8,891, babu iyakar ƙasa biyu da ta kai ta tsawo a duniya, kuma mafi yawan mutanen Kanada a kudancin ƙasar suke, dab da ita. Birnin Windsor na Kanada da Detroit na Amurka kogi ne kawai ya raba su. Da XM da Sirius suka fara aiki, siginarsu tana sauka a Windsor da Toronto da Vancouver garau, amma ba su da lasisin sayar wa mutumin Kanada komai. Me mutane suka yi? Sai mutum ya tsallaka ya sayo akwati a kantin Amurka, ya ba da adireshin ɗan'uwa ko aboki da ke can, a kunna masa, ya dawo gida yana sauraro. Kuɗinsa kuwa yana biya cif-cif, bai saci komai ba. Kasuwa ce ta bayan fage wadda kowa ya san da ita, kuma ta ɗauki shekaru tana ci.

Mai sauraro zai ce, to ina ruwan gwamnati, tunda mutum kuɗinsa ya kashe? Kanada tana da tsohon tsoro, kuma ni a ganina tsoro ne mai dalili. Maƙwabciyarta ta ninka ta yawan jama'a kusan sau tara, yawancinsu harshe ɗaya suke yi, kuma masana'antar waƙa da fim ta Amurka babu irinta. In an bar ƙofa a buɗe, mawaƙin Kanada ba zai ji kansa a rediyon ƙasarsa ba, masu Faransanci na lardin Quebec kuwa su ne za su fara nutsewa. Saboda haka da hukumar watsa labarai ta ƙasar, CRTC, ta ba da lasisi a watan Yuni na 2005, sai ta gindaya sharuɗɗa. Kowane kamfani sai ya samar da aƙalla tashoshi 8 na Kanada. Duk tashar Kanada ɗaya, ba za a jera mata na waje fiye da 9 ba. Kashi 85 cikin 100 na abin da tashoshin Kanadan ke watsawa ya zama na gida, kashi 25 cikin 100 na tashoshin su zama da Faransanci, sannan kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani ya tafi wajen raya masu fasahar ƙasar. A ƙarshen wannan shekarar XM Canada da Sirius Canada suka fara aiki, har gidan rediyon gwamnati, CBC, yana da hannun jari a na biyun. A 2011 su ma suka haɗe.

Ku lura da abin mamakin. Taurarin dai su ne na Amurka, siginar ita ce dai wadda ke sauka tun farko. Abin da ya sauya shi ne wanda ke karɓar kuɗi, da jerin tashoshin da za a buɗe wa lambar akwatinka. Misali, da shahararren mai gabatar da shirin nan Howard Stern, wanda aka sani da baki ba linzami, ya koma Sirius a watan Janairu na 2006, reshen Kanada bai saka tasharsa ba da farko. Muryarsa tana sauka a kan rufin motarka a Toronto, amma akwatinka mai rajistar Kanada ba zai buɗe ta ba, alhali maƙwabcinka mai adireshin aro yana ji. Sai da masu biya suka matsa sannan aka saka ta bayan 'yan makonni.

Doka fa, me ta ce game da adireshin aro? Kotun Ƙolin Kanada ta riga ta yi magana tun a watan Afrilu na 2002, a shari'ar kamfanin Bell ExpressVu da wani ɗan kasuwa mai suna Richard Rex. Shi Rex yana sayar wa mutanen Kanada dikodar talabijin ta Amurka, yana kuma samar musu adireshin can don a kunna musu. Hujjar ɓangarensa ita ce dokar ta hana satar siginar kamfanonin Kanada ne kawai, kuma mutanensa ai suna biyan kamfanin Amurka. Kotu ta ce a'a. Dokar ta haramta warware duk wata sigina da aka kulle, sai da izinin mai rarrabawa wanda ke da lasisi a cikin Kanada. Biyan wani kamfani a ƙetare bai wanke ka ba. Shari'ar ta talabijin ce, amma sashen dokar da aka fassara yana magana ne kan siginar shirye-shiryen da aka kulle ake biya.

A nan akwai bambancin da nake so masu sauraro su kama, tsakanin matafiyi da mazauni. Ba'amurken da ya tuƙa motarsa zuwa Montreal hutu, rediyonsa zai ci gaba da aiki, babu mai tare shi. Haka dattawan Kanada da ke gudun sanyi su tafi Florida ko Arizona su yi watanni, da rediyonsu suke tafiya. Wannan halas ne, domin mutum ya yi rajista inda yake zaune, tafiya ce kawai ta kama shi. Matsalar tana kan wanda ke zaune a wata ƙasa ya yi rajista da sunan wata. Irin wannan, ranar da aka cire masa kuɗi ba daidai ba, ko aka rufe akwatinsa, wa zai kai wa ƙara? Hukumar ƙasarsa za ta ce ba ta san kamfanin ba, kamfanin kuma zai ce sharaɗinsa ka karya tun ranar farko. Haka abin yake a arewacin Meziko, inda siginar ke sauka amma kamfanin ba ya sayar da rajista.

Ba gwamnatoci kaɗai ke ja wannan layin ba. Kamfanin rediyo ko na talabijin ba shi ne mai waƙoƙin da yake sakawa ba, ba shi ne mai gasar ƙwallon ba. Saya yake yi, kuma masu haƙƙin mallaka ƙasa-ƙasa suke sayarwa, domin sun fi samun kuɗi in sun yanka duniya gunduwa-gunduwa kowa ya yi tayi. Wanda ya sayi haƙƙin Amurka, in ya sayar wa mutumin wata ƙasa, ya shiga gonar wani. Sannan ga hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedkwata a Geneva, wadda ke raba zangon watsawa da gurbin taurari a sama. Cikin ƙa'idojinta akwai wadda ta ce mai ƙera tauraron watsa shiri ya yi duk abin da fasaha ta ba shi dama don rage malalar sigina zuwa ƙasar da ba a yi yarjejeniya da ita ba. Ragewa ta ce, domin ita ma ta san hanawa gaba ɗaya ba ta yiwuwa.

A Turai kuwa shari'a ta juya ta ɗaya ɓangaren. Wata mata mai suna Karen Murphy, mai wata mashaya a garin Portsmouth na Ingila, ta ga kuɗin da ake karɓa don nuna gasar Firimiya ya yi mata yawa, sai ta koma amfani da dikodar kamfanin Nova na ƙasar Girka, mai araha sosai. Aka gurfanar da ita, aka ci ta tara. Ta ɗaukaka ƙara har magana ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda a watan Oktoba na 2011 ta ce hana mutum sayen dikoda daga wata ƙasar tarayyar ya saɓa wa 'yancin kasuwar bai ɗaya. A 2012 kotun Ingila ta soke hukuncin da aka yi mata. Sai dai ko a nan kotun ta bar wa masu gasar makami: tambarinsu da takensu da zane-zanen da ke fitowa a allo mallakarsu ne, nuna su a bainar jama'a sai da izini. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, a Kanada laifi, a Turai haƙƙi. Abin da ya raba su shi ne ƙasashen Turai sun zauna sun rubuta cewa kasuwarsu ɗaya ce, kuma sun kafa kotun da za ta tilasta hakan. Kada wani ya ji labarin wannan mata ya ɗauka hukuncin ya shafe shi a Jibiya ko Birnin Ƙonni.

(Ɗan kiɗa)

Wani zai tambaya, mu a Afirka ba a taɓa yi mana irin wannan rediyo ba? An yi, kuma kafin na Amurka ma. Wani lauya da ya tashi a Habasha, Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace a 1990. Abin da ya ce ya tunzura shi shi ne yadda cutar ƙanjamau ke cin mutane a nahiyar nan alhali bayanin da zai cece su bai isa gare su ba. A watan Oktoba na 1998 aka harba tauraronsa na farko, AfriStar, aka tsayar da shi a digiri 21 gabas, kusan saman tsakiyar Afirka, yana haska nahiyar da fitila uku. A 2000 aka ƙara AsiaStar domin Asiya. Kamfanonin Japan irin su Hitachi da Sanyo da JVC da Panasonic suka ƙera akwatunan, kowanne da 'yar eriya shimfiɗaɗɗiya da za ka ajiye a taga ko tsakar gida ta dubi sama. Murya tana fitowa tas, babu ƙuwwar gajeren zango, daga Dakar har Nairobi.

Wannan rediyon tun asali don tsallake iyaka aka yi shi, kuma ya yi aikin da ya kamata a riƙa tunawa. A Nijar, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, da ke Yamai, tana cikin waɗanda suka tsara shirin RANET. Ana aika hasashen damina da bayanan yanayi ta tauraron AfriStar, ƙaramin gidan rediyon ƙauye mai aiki da hasken rana ya karɓa, ma'aikatansa su juya shi zuwa harshen mutanen wurin su watsa ta FM. Garin Bankilare da ke yammacin Nijar yana cikin wuraren farko da aka gwada haka. Manomi da makiyayi ba su sayi akwatin tauraro ba, ba su biya kuɗin wata ba. Akwati ɗaya a gidan rediyo ya wadatar da yanki guda. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da fasahar ta taɓa yi a ƙasashenmu.

Amma ta fuskar kasuwa lissafin bai fita ba. Akwatunan farko ɗaruruwan daloli ake sayar da su, a nahiyar da mutum ke sayen ƙaramar rediyo da 'yan kuɗi kaɗan ya ji duniya kyauta. A daidai wannan lokacin kuma gwamnatoci suna buɗe fagen FM ga 'yan kasuwa, tashoshi suna ta ɓullowa da harsunan gida. Daga baya kamfanin ya kulle yawancin tashoshinsa ya koma karɓar kuɗin wata, masu biyan nasa kuwa ba su taɓa yin yawan kirki ba a duk faɗin nahiyoyi biyu, mafi yawansu ma a Indiya. A watan Oktoba na 2008 ya kai kansa kotun karayar arziki a jihar Delaware ta Amurka. Ranar 31 ga Disamba 2009 aka rufe hidimar Indiya.

Ku ji abin da ya sami waɗanda suka biya kuɗin shekara tun gaba. An sanar da su cewa yanzu suna cikin masu bin kamfanin bashi, kuma dokar karayar arziki ta Amurka ce za ta duba lamarinsu. Mutum yana Bangalore ko Chennai, ya biya da rupi, akwatinsa ya yi shiru, haƙƙinsa kuma yana gaban wani alƙali a ɗaya gefen duniya. Akwatin lafiyarsa lau, amma ba a ƙera shi don ya ji wani tauraro ba sai na WorldSpace. Wannan yana ba ni takaici har yau, domin rediyon gajeren zango da aka saya shekara arba'in da suka wuce, in ka sa masa batir yanzu zai yi magana. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake shigowa gidajenmu, na DW tun 1963, Rediyon Kaduna tun 1962 ake jin sa har ƙasashen maƙwabta, ba a taɓa tambayar kowa lambar akwati ba. Iyayenmu ba su san wani abu wai shi rajistar sauraro ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mu raina wannan gadon ba.

Ita ma hanyar kyautar tana da nata wurin da ƙasa ke riƙe ta. Tashoshin waje da ke bi ta FM a cikin gari, turkensu a ƙasa yake, da izinin gwamnati yake aiki. Mun gani a Nijar, inda aka dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, aka kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Duk abin da ya taɓa ƙasa, hukuma tana da hannu a kansa.

Yanzu mu dawo bakin iyakarmu, domin abin da ya faru tsakanin Windsor da Detroit yana faruwa tsakanin Katsina da Maraɗi, da Illela da Ƙonni, da Daura da Magarya, sai dai a nan da dikodar talabijin ake yi, wadda ita ma tana ɗauke da tashoshin rediyo. In ka dubi rufin gidaje za ka ga faranti wani ya fuskanci gabas wani yamma. Na DStv a yankinmu yana duban tauraron Eutelsat a digiri 36 gabas, na Canal+ yana duban tauraron SES a digiri 22 yamma. Dukansu biyu siginarsu tana sauka ta kowane gefen iyaka. Mutanen da ke ƙarƙashinta dangi ne, harshe ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, amma kwangilar da ta ce wa za a sayar wa me, a Johannesburg da Paris da Landan aka rubuta ta. Saboda haka ɗan kasuwar Maraɗi da ya ga dikoda ta fi araha a Kano saboda faɗuwar naira, ya saya ya tsallaka da ita, mai yiwuwa ta yi aiki. Tambayar ita ce ƙarshen wata. Rajistar tana kan ƙasar da aka yi ta, da kuɗin ƙasar ake biya, lambar wayar da aka bayar ta can ce. In dikoda ta samu matsala, wakilin kamfani na garinka zai iya cewa ba ta cikin littafinsa. In an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023, wanda ke biya maka a ɗaya gefen sai ya yi maka nisa.

Shawarata ga mai saye, kafin ya miƙa kuɗi, ya tambayi mai shago a fili: wannan akwatin, da sunan wace ƙasa aka yi masa rajista, kuma in ya tsaya, wa zan je wa a garin nan? In amsar ta zo da kame-kame, ya haƙura. Kada kuma ya biya kuɗin shekara guda a dunƙule kan rajistar da ba ta ƙasar da yake zaune ba, komai ragin da aka yi masa. Wata-wata ya fi masa kwanciyar hankali. Masu gidajen kallon ƙwallo su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin nuna wasa ga jama'a a karɓi kuɗin ƙofa yana da nasa izinin daban da na kallon gida, kuma dikodar da aka shigo da ita daga ƙasashen Larabawa, an sayar da haƙƙin wasanninta ne don can. Jarin mutum kacokan yana iya tsayawa a daren da aka rufe katin.

Wanda kuwa rediyo kawai yake so, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Risibar nan ta tashoshin kyauta da ke gidaje da yawa, wadda aka saita kan Nilesat a digiri 7 yamma ko Arabsat a digiri 26 gabas, tana kamo tashoshin rediyo tare da na talabijin, har da na karatun Alƙur'ani, kuma ba a kulle suke ba. A jikin rimot akwai maɓallin da aka rubuta TV da RADIO a kansa. Ku danna shi, jerin zai sauya zuwa na rediyo. In jerin ya fito wayam, ku ce wa mai saita muku faranti ya sake binciken tashoshi, ya zaɓi a haɗa da na rediyo, domin sau da yawa talabijin kaɗai suke zaɓa don aikin ya yi sauri.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. 

(Kiɗan rufe shiri)